Motar rairayi: yadda ake zaɓen kat-kat da shirya ta, daga tseren Dakar zuwa hanyoyin Damargu

Duk wanda ya sauka daga kwaltar da ta haɗa Damagaram da Agadas ya nufi Belbeji, Tenhiya ko rugagen kwarin Tarka, ya san mota ba ta burge rairayi da tsadarta. Shi ya sa muka tattaro abin da ya kamata a sani kafin a zuba kuɗi a kat-kat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, ko ta tsere ce ko ta kai mara lafiya likita.

Abin da tseren Dakar ya koyar

Tseren Paris-Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa, ya tashi karon farko ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Arlit, Agadas da Yamai. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kaɗai suka isa Dakar. A 1983 guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere kusan 40 a Tenere, sai da aka yi kwanaki ana nemansu. Tseren ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020, amma darasinsa na nan. Ƴan uwan juna biyu, su Marreau, sun kai Dakar a tseren farko da ƴar ƙaramar Renault 4, suka kuma ci gasar 1982 da Renault 20. Kun ga ke nan ba girman inji ne magana ba. Magana ita ce rashin nauyi, tayoyi, da shiri.

Wace mota?

A yankinmu biyu suka fi yawa. Ta farko Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, samfurin 79. Mai injin 1HZ na gazuwal, lita 4.2, silinda 6, ba ta da saurin tashi, amma ba ta dogara da kwamfuta ba, kuma makanisai sun san cikinta. Ta biyu Hilux: ta fi rashin nauyi, ta fi ƙarancin shan mai, sai dai ba ta kai waccan ɗaukar kaya ba. Hilux ɗin da ta ci Dakar a 2019 a hannun Nasser Al-Attiyah ɗan Katar, suna da siffa kawai ta haɗa da ta kasuwa, don an ƙera ta ne musamman saboda tsere.

Akwai kuma babur mai ƙafa huɗu. Yana hawa tudun rairayi da kyau, amma yawancinsa na mutum ɗaya ne, kuma yana saurin kifewa a kwana. Masu shirya Dakar ma sun cire rukuninsa daga 2025. Ba abin ɗaukar iyali ba ne.

Ga ƴan uwa masu aiko mota ko kuɗinta, ƙa'ida ɗaya ce: a sayi wadda ake samun kayan gyaranta a Tanut ko Damagaram. Motar da sai an jira kaya wata biyu daga waje, kaji za su kwana ƙarƙashinta.

Abin dubawa kafin a biya

A shiga ƙarƙashi a duba shasi: tsatsa, tsagewa ko sabuwar walda alama ce ta wahala. A tada injin da sanyin safiya a ga kalar hayaƙi. Shuɗi na nufin yana cin man inji. A sa giyar H4 da L4 a kan ƙasa, a tabbatar ƙafafun gaba suna ja da gaske. Lambar shasi ta dace da ta kat-giriz, takardun duwan su cika. Kuma a tafi da makanisen da mai saye ya zaɓa, ba na dillali ba.

Shirya ta

Taya ita ce rabin aiki. A kan kwalta ana sa iska wajen kilo 2.5 zuwa 3. In an shiga rairayi mai laushi, a rage zuwa 1.5, ko 1.2 in ya yi tsanani, don tayar ta baje ta hau bisa maimakon ta haƙa. Amma da ƙaramar iska ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi. Da an dawo ƙasa mai tauri a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Don haka famfo da ma'aunin iska dole ne. Tayar ajiya biyu, da kayan faci, saboda ƙayar aduwa ba ta da sabo.

Injin kuma ƙura da zafi ne abokan gabarsa. A riƙa kakkaɓe matatar iska, musamman lokacin hunturu. Bututun nan da ake ɗagawa gefen gilashi yana taimakawa, don yana shaƙar iska daga sama. A wanke radiyata, a cire ciyawar da ta toshe ta, a riƙe bel na ajiya. Matatar SORAZ tana nan kusa da Bakin Birji tun 2011, to a sha gazuwal a gidan mai. Na kwalba in ya zama dole, a tace shi.

Nauyi: kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, bido mai lita 20 na gazuwal wajen kilo 17. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure. Lodi bisa rufi shi ke kifar da mota.

Kada a tashi ba shebur, jak da katakon ɗora shi, faranti biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya, igiya mai ƙarfi, da ruwan sha na kwana biyu fiye da tafiyar.

In ta kafe

A ɗaga ƙafa daga totur nan take, don ƙara wuta ƙara nutsewa ne, kuloci kuma ya ƙone. A haƙe gaban tayoyi, a rage iska, a shimfiɗa faranti, a fita da L4 a hankali. Tafiyar asuba ta fi, rairayi bai saki ba tukuna. In ta lalace a daji, a zauna wurinta: mota ake hangowa daga nesa, ba mai tafiya a ƙasa ba. Kafin tashi a gaya wa na gida hanya da lokacin isa.

Maganar tsere

Motar tsere ta gaskiya tana da kejin ƙarfe a ciki, bel mai riƙe kafaɗu da ƙugu, hular kwano da abin kashe gobara, ga likitoci na biye. Duk da haka Dakar ya ci rayukan ƴan tsere, ya ci na mutanen ƙauyukan da ya ratsa, har da yara. Samarinmu masu gwada ƙarfin mota ko babur ranar kasuwa ko wajen rakiyar amarya ba su da ko ɗaya cikin waɗannan. Hanyar da suke gudu a kai ita ce ta ƴan makaranta, ta amalanke, ta garken da ke zuwa rijiya. Mai son gwada gwaninta ya nemi izinin hukuma da fili nesa da gari.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.