Maƙeran Samori: Mutanen da Suka Hana Bindiga Mutuwa

Yau za mu leƙa ƙasar Gini ta wajen 1880, wurin Samori Ture, wanda ya shafe shekara 16 yana fafatawa da Faransawa, daga 1882 zuwa 1898. Ana yawan ba da labarin jarumtar sojojinsa, waɗanda ake kira sofa. Ni kuwa yau maƙeransa nake son mu tuna.

Samori ya gane da wuri cewa bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ba za ta iya da Faransawa ba. Kafin ka ɗura sau ɗaya, abokin gaba ya harba sau da yawa. Don haka ya riƙa tura fatake Firitawun ta Saliyo da zinariya da hauren giwa, suna sayo masa bindigogin zamani. Ya gwada samfurin Chassepot, amma harsashinta na takarda ne, danshi na lalata shi. Sai ya karkata ga Gras, bindigar sojan Faransa ta 1874, mai harsashin kwanson tagulla.

To, ga inda gizo ke saƙar. Bindigar da aka sayo daga nesa, in kunamarta ta karye a daji, wa zai gyara? Sannan a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Burasel, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka makaman zamani. Ba da daɗewa ba hanyar Firitawun ta toshe.

Nan ne maƙera, waɗanda Mandinka ke kira numu, suka shigo. Mutanen da suka gaji ƙirar fartanya da wuƙa, su ne suka kwance Gras gunduwa-gunduwa, suka duba yadda kowane ƙarfe ke zama a mazauninsa. Da farko gyara suke yi: wannan ta lalace a ciro nata a sa wa waccan, abin da babu a ƙera shi. Daga baya suka kai ga ƙera kwafinta gaba ɗaya, da zuga-zugi da masaba da magagari. Bayan an gama artabu kuma, a bi fili a tsinto kwanson harsashi, a kai musu su sake cikawa. Ƙarfensu bai kai na masana'antar Faransa ƙwari ba, gaskiya ne, amma bindigar tana tashi.

Ko da Faransawa suka matsa, Samori ya kwashe jama'arsa zuwa gabas ya kafa sabuwar hedikwata a Dabakala, arewacin Kwaddibuwa, aikin maƙera bai tsaya ba.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya fa. Samori ya sayar da bayi don sayen dawaki, ya kuma rusa birnin Kong a 1897. Akwai garuruwan da har yau ba sa tuna shi da alheri. A watan Satumba 1898 Faransawa suka kama shi, suka kai shi Gabon, ya rasu a 1900.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: lokacin da aka rufe kasuwa, abin da ya rage a hannun Samori shi ne ilimin da ke kan maƙeransa. Mu yau wayar hannunmu, janareta, injin ban-ruwa, kusan duk daga waje suke. Amma yaron da ke gyara su a Panteka ta Kaduna ko Farm Centre ta Kano, mu masu digiri kallon wanda bai yi boko ba muke masa.

Kuma kada a fahimce ni a baibai: ƙera bindiga ba lasisi laifi ne a Najeriya, mun kuma ga abin da makamai suka yi wa ƙauyukanmu. Hannun da ya iya kwafin Gras zai iya kwafin injin casar shinkafa. Wa ke ba shi jari, wa ke koya masa?

Ku faɗa mana, a unguwarku wane mai gyara ne kuka fi yarda da hannunsa? Sai mun haɗu a shiri na gaba.