Hannun da ke bayan murya

Watan jiya wani yaro ya kai ni situdiyo a Kano, ya zaunar da ni gaban na'urar ɗaukar sauti, ya ce, "Baba, minti biyu kawai nake so. Ka kaɗa, sauran aikin na kwamfuta ne." Na kaɗa. Ya yanki guntun da bai wuce numfashi uku ba, ya sa yana ta maimaita kansa, ya ɗora waƙarsa a kai. Da na tashi tafiya sai ya tambaye ni cikin ladabi, "Baba, wai wane mawaƙi ka yi wa kiɗa a da?" Ba da raini ya yi tambayar ba, amma da ita na kwana. Shekara 50 da ɗoriya kalangu na hammatata, kuma da sunan wani za a gane ni.

Mamman Shata ya rasu a 1999, har yau ba gidan da ba a san muryarsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya kuwa cancanta. To amma Shata waƙa yake yi, kiɗan na wasu ne. Saurari waƙarsa Bakandamiya da kunnen basira, ka ji yadda kalangai ke buɗe masa hanya su rufe, sannan ka shiga kasuwar Funtuwa, garin da ya zauna, ka tambayi sunan wanda ya riƙe uwar kalangun. Za ka sha yawo. Haka abin yake a kotsannin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, da taushin Jankiɗi, da matan da suka yi shekaru suna dukan ƙwarya a bayan Barmani Coge. Hatta sunan makaɗi an ɗauke shi an ba mai jan baki. Ɗan Maraya Jos ya tsira ne don kuntiginsa na hannunsa.

Ni a wurin ƙanen mahaifina na koya, Baba muke ce masa. Makaɗin mahauta ne, bai taɓa tsayawa bayan mawaƙi ba, don a zamaninsa kalangu shi ke maganarsa da kansa. Ranar kasuwa tun da jijjifi yake tsayawa a bakin mahauta. Da an kayar da sa sai ya saki take. Mutanen ƙauyukan gefe daga kiɗan suke sanin an yi yanka, su san na wane ne, su ma gane ko naman mai kitse ne daga yadda Baba ya zaƙe. Kowane mahauci da takensa, mafi yawa na gado ne, na uba ya sauka kan ɗa. Na Sarkin Fawa daban yake, ba a kaɗa wa kowa shi. Ka kaɗa wa mutum taken wani, ka zage shi ke nan a bainar jama'a, sai dattawa sun sa baki.

Shekara 3 na yi a kan kuntukuru kafin ya bar ni na taɓa kalangunsa. Ko a lokacin ma ba gula ya fara ba ni ba. Sai ya faɗi kalmomin taken da baki, in maimaita, ya gyara mini inda murya ke hawa da inda take sauka, har su zauna. Yakan ce, "Abin da bakinka bai iya ba, hammatarka ba za ta iya ba." Ina tuna damtsensa na hagu, inda tsarkiya ta goge fata ta yi kanta baƙi ƙirin. Da damina in fatar kalangu ta saki, sai ya tsuguna gaban rushi yana juya shi a hankali, yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, kunnensa dab da fatar, ba ya tankawa ko wa ya yi sallama sai ta ba shi muryar da yake nema.

Wannan ya tuna mini wata kaka, a filin dambe. Dambe ai na mahauta ne tun asali, shi ya sa kalangu ke binsa, kuma duk wanda ya san mawaƙi Ɗan'anace da ɗan dambensa Shago ya san haka. Wani ɗan dambe ya zauna ya ƙi ɗaure hannu, an yi kirarin duniya bai motsa ba. Baba ya matsa kusa da shi, ya kaɗa taken mahaifinsa da ya rasu, a hankali, sau biyu kacal. Yaron ya fara tsuma tun daga yatsun ƙafa. Ya miƙe ya shiga fili ba wanda ya ce masa uffan. Ranar na san abin da muke riƙe da shi.

Da faifai da kaset suka yi ƙarfi, ni ma na bi wani mawaƙi, don a nan abinci ya koma. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Murya gare shi, amma yana da mantuwa. Mai kyauta zai shigo taro, sunan kakansa ya ɓace masa, sai in kaɗa taken gidan a ƙarƙashin amshi, ya tsinta ya rera, a yi ta liƙi ana cewa wane bai manta kowa ba. In an zo rabo ya ɗebi nasa, sanƙira ya ɗiba, mu a miƙo mana saura mu kasafta da 'yan amshi. A rediyo kuwa sai ka ji an ce wane "da jama'arsa". Akwai kaset ɗin da muka yi, hotonsa ya cika bangon, a gefe can sai gwiwar hannu da kan gula. Tawa ce. Ina da shi har yanzu a akwati.

Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Taken ne ke tafiya. Bara a wani biki na hango wani tsoho, na gane gidansu, na kaɗa masa nasu. Ya dogara sanda ya miƙe tsaye, hawaye na bin gemunsa. Jikansa da ke riƙe da shi ya waiwayo yana tambayar me ya sami Kaka. Akwai take da yawa a kaina da masu su duk sun kwanta dama, kuma yatsuna sun fara ƙagewa da sanyin asuba.

Shi ya sa ban ba yaron nan sunan mawaƙin ba. Na ce masa in yana son ya san wanda na yi wa kiɗa, ya zo gida ranar Asabar bayan la'asar, ya bar kwamfutar a situdiyo. Kuntukurun da na fara da shi yana nan rataye a zaure, fata kawai zan sake masa.