Fanshon da Faransa ta daskarar na shekara 50

1/ Duk sanda muka zauna da abokai ana zancen fita Turai neman aiki, albashi kawai ake lissafawa. Ban taɓa jin wanda ya ce "in na tsufa na dawo gida, fanshona zai biyo ni?" ba. Akwai waɗanda suka riga mu faɗawa wannan ramin. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1857 Faransa ta kafa rundunar sojojin Afirka mai suna Tirailleurs Sénégalais. Sunan ne kawai na Senegal. Daga baya an ɗebi samari daga ƙasashen da yau ake kira Mali, Gini, Burkina Faso, Benin, har da Nijar. Sun yi mata Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu.

3/ Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashen nan 'yanci, majalisar Faransa ta yi doka: fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci zai tsaya cak, ba ƙari. Suka kira abin "cristallisation", wato daskarewa.

4/ Ku duba fa. Mutum biyu, rami ɗaya, harsashi bai tambayi kowa fasfo ba. Na Bafaranshe yana ƙaruwa duk sanda aka yi ƙari, na ɗan Afirka yana nan jiya-i-yau, tsadar rayuwa tana cinye shi.

5/ Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. Nuwamba 2001 babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnati da jama'a ta ce wannan wariya ce. Sai dai kafin a yanke hukuncin, Diop ya riga mu gidan gaskiya.

6/ Duk da haka gwamnati ta ci gaba da jan ƙafa. Sai da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 ya tayar da ƙura, sannan gwamnatin Chirac ta daidaita wani ɓangare daga 2007. Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta soke dokokin daskarewar, aka fara aiki da sabon tsari a Janairu 2011. Mutum nawa suka rage a lokacin?

7/ Saura ƙiris. A wancan lokacin akwai tallafin tsufa, kusan Yuro 950 a wata, amma sai wanda ke zaune a Faransa aƙalla wata 6 a shekara ake ba. Dattawa 'yan shekara 90 suna zaune a ƙananan ɗakuna a gefen Paris, nesa da jikokinsu, don kar kuɗin ya yanke. Sai Janairu 2023 aka ɗage musu sharaɗin. A Afrilu mutum 9 suka koma Senegal.

8/ Abin da ya tsaya min a rai: aikinsu bai canza ba, takardar ƙasarsu da inda suke kwana ne suka yanke musu rabo. Kuma dokar ta zo ne bayan da yawansu sun riga sun gama aikin.

9/ Don haka in kana shirin fita, tambayi abu uku kafin ka sa hannu: Shekara nawa zan zuba kafin in cancanta? In na dawo gida za a biya ni? Akwai yarjejeniyar fansho tsakanin ƙasata da tasu? Kuma ka adana kowace takardar albashi.

10/ 'Yan uwa na Nijar, in akwai tsohon sojan Faransa a danginku, ku tambayi manya nawa yake karɓa, ku faɗa mana a nan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jira.