Daga Yamai zuwa Jidda: nisa ɗaya, tafiya iri biyu

Tsakanin filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 4000, idan aka bi layi mafi gajarta a bisa doron ƙasa. Wannan ya kai kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya, kuma kusan daidai yake da nisan Yamai zuwa Paris. Jirgin da bai yada zango ba yana cinye shi cikin awa biyar zuwa shida.

Kakannin mahajjatan yau sun san wannan nisa da tafin ƙafa. Mai niyyar hajji daga Damagaram ko Katsinar Maraɗi yakan yi bankwana irin na wanda ba ya sa ran dawowa. Ayari ya nufi tafkin Cadi, ya ratsa Wadai ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Alfashir, sannan Kurdufan, har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa. Guzuri ba ya kai mutum, don haka sai a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara, a ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru, wasu kuma ba su taɓa ƙarasawa ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello, ya bi wannan hanya da jama'arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira Mai Wurno. Ta haka Hausa ta kafu a Sudan.

Sauƙi ya zo daki-daki. Layin dogo ya isa Al'ubayyid wajen 1912, manyan motoci suka biyo baya. Bayan samun ƴancin kai, Nijar ta shiga cikin ƙasashen da suka kafa kamfanin Air Afrique a 1961, wanda ya yi jigilar alhazai kafin ya durƙushe a 2002. A 1981 aka buɗe filin Jidda na yanzu, mai zangon alhazai da rufinsa ya yi kama da tantuna.

Jirgi ya ceci rayuka da dama daga ƙishirwa da ƴan fashi, ya kuma buɗe hanya ga tsofaffi da mata. Amma tsohuwar hanya ita ce ke sada malamin Damagaram da na Darfur, ana musayar littattafai, ana ƙulla aure. Alhajin yau yana wuce zuriyar waɗancan matafiya daga sama, bai sani ba.

Ko a sama ma, ƙasa ba ta daina hukunci ba: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen da ke ratsa ta sai da suka yi zagaye. Malamin da zai koya wa ɗalibai wannan nisa, ya kamata ya haɗa musu kilomita 4000 da sunayen zangunan da ke ƙarƙashinsu.