Bindiga mai ɗura kanta a wasan harbin faifai: yadda take aiki da abin da ke sa ta cije

Harbin faifai wasa ne da ake cilla ɗan faifai sama da na'ura, maharbi ya farfasa shi da bindiga tun bai kai ƙasa ba. Bindigar da ake amfani da ita irin ta farauta ce, wadda harsashinta ke ƙunshe da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma masu warwatsuwa da zarar sun fita. Iri biyu ne suka fi yawa a hannun 'yan wasa: mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake karyawa a sa mata harsashi, da kuma mai baki ɗaya wadda ke tofar da kwanso ta ɗura sabon harsashi da kanta duk lokacin da aka ja kunama. Ta biyun ba ta da wani ƙarfi nata na daban. Daga harsashin da ya tashi take aron ƙarfin da za ta ɗura na gaba, kuma daga wannan aro ne amfaninta da rauninta duka suka samo asali.

Asalin wasan

Da tantabaru masu rai aka fara wasan a Ingila, ana sakinsu daga akwati ana harbi. A 1880 wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky, mutumin Cincinnati, ya ƙirƙiro faifan yumɓu domin ya maye gurbin tsuntsu. Har yau ana kiran faifan da sunan yumɓu, alhali da kwalta da garin farar ƙasa ake yin akasarinsa. Faifan gasar ƙasa da ƙasa faɗinsa milimita 110 ne, nauyinsa giram 105.

Rukuni biyu ne a gasar Olamfik. Akwai tiraf, inda na'urori 15 ke cikin rami mita 15 a gaban maharba, suna cilla faifan yana nisantarsu har tsawon mita 76. Akwai kuma sikit, wanda aka fara a jihar Massachusetts ta Amurka a 1920, ya shiga Olamfik a 1968. A sikit maharbi yana zagaya tashoshi takwas, faifai na fitowa daga ɗakuna biyu, ɗaya mai tsawo ɗaya gajere, wani lokaci biyu a tare. Kowane zagaye faifai 25 ne, kuma sai an harbi 125 kafin a tace waɗanda za su shiga zagayen ƙarshe.

Hanyoyi uku na ɗuri

Kowace bindiga mai ɗura kanta tana da sakata, wato ƙarfen da ke kulle bayan bututu a lokacin harbi. Dole sakatar ta ja baya, ta zaro kwanso ta yar, sannan sifirin ya dawo da ita tana tura sabon harsashi. Bambancin ƙira yana ga abin da ke jan ta bayan.

Hanya ta farko ita ce ta John Moses Browning, wanda ya zana bindigar Auto-5 a 1898. Kamfanin Fabrique Nationale da ke Herstal a Beljiyam ya fara ƙera ta a farkon ƙarni na 20, aka ci gaba da yin ta har ƙarshen shekarun 1990. A cikinta bututu da sakata suna ja baya tare, sai bututun ya riga dawowa, sakatar ta biyo shi da sabon harsashi. Tana da zobba masu rage gudun bututun, waɗanda mai ita zai jera daidai da nauyin harsashin da zai harba. In ya jera su na harsashi mai nauyi ya harba marar nauyi, ba za ta ɗura ba.

Hanya ta biyu ta hayaƙi ce. Ana huda ƙananan kafofi a jikin bututu, ta yadda wani kaso na hayaƙin albarushi zai biyo ta nan ya tura fistin, fistin ya tura sakata. Remington 1100, wadda ta fito a 1963, ita ce ta sa wannan hanya ta karɓu a filayen sikit na Amurka. Kamfanin Beretta na Italiya ma ya bi ta a jerin A300 da A400.

Hanya ta uku ta Benelli ce, kamfanin da ke Urbino a Italiya, bisa ƙirar Bruno Civolani. A nan an raba sakatar gida biyu, an sa sifirin mai tauri a tsakani. Idan harsashi ya tashi bindigar ta yi shuri baya, sashen sakatar mai nauyi yakan yi jinkirin bin ta, sai ya matse sifirin ɗin. Da sifirin ya saki, sai ya wurga sakatar baya. Babu kafa, babu fistin, saboda haka hayaƙi ba ya shiga cikin kayan aikin.

Abin da ke jawo mutane gare ta

Babban dalili shi ne kafaɗa. Ɗan wasa yakan harba harsashi ɗari ko fiye a yini, kuma shurin da bai dami mutum a harbi na biyar ba yakan sa hannu ya riƙa zabura a na tamanin. Bindigar hayaƙi tana rarraba shurin a kan ɗan lokaci mai tsawo, sai ya zo kamar turi maimakon naushi. Wannan ne ya sa masu koyarwa kan ba da ita ga mata da matasa da dattawa. Galibi kuma ta fi mai baki biyu ta gasa araha.

Inda take cijewa

Dokar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a Munich, ta taƙaita nauyin dalmar harsashi a giram 24. Harsashin farauta ya fi haka nauyi. Ke nan bindigar da ke aro daga harsashi an rage mata abin da za ta ara. Mai hayaƙi da aka ƙera domin manyan harsasai tana iya kasa kai sakata ƙarshe, kwanso ya maƙale a ƙofa. Ta Benelli kuwa tana buƙatar shuri sosai kafin sifirinta ya matsu, don haka harsashi marar nauyi, ko ƙarin nauyin da aka ɗaura wa bindigar, na iya hana ta ɗuri. Haka nan idan aka mayar da sakatarta a hankali ba ta kulle sarai ba, za a ja kunama a ji ƙas, harsashi bai tashi ba.

Datti shi ne abokin gabar mai hayaƙi. Toka tana taruwa a kafofi da jikin fistin har ta daskare. A Remington 1100 akwai wani ɗan zoben roba da ke tare hayaƙi, wanda in ya tsinke bindigar takan daina ɗuri, shi ya sa masu ita ba sa rabuwa da na canji. Man da ya yi yawa yana kama ƙura ya zama laka, wanda ya yi kauri kuma yana daskarewa a sanyi. Sifirin da ke cikin gindin bindiga yana gajiya da yawan harbi, ga tsatsa idan ruwa ya shige shi. Kwanson da bakinsa ya kumbura ma yakan ƙi shiga.

A filin gasa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar ISSF ta yafe wa ɗan wasa cijewa biyu kacal a zagaye ɗaya, ko laifin bindiga ne ko na harsashi. Daga ta uku, faifan ya tafi a matsayin kuskure. A gasar da faifai ɗaya cikin 125 ke raba mai wucewa da mai komawa gida, kaɗan ne ke yarda su ɗauki wannan kasada.

Dalilin da zakaru suka fi son mai baki biyu

Doka ba ta hana mai ɗura kanta shiga gasa ba, muddin ba a sa mata fiye da harsashi biyu ba. Duk da haka, kusan duk wanda ke kaiwa zagayen ƙarshe a Olamfik mai baki biyu yake riƙewa, irin su Perazzi da Beretta DT11 da Krieghoff K-80. Harbinta na biyu bai dogara da zaro kwanso da ɗura sabo ba, domin harsashin yana zaune a bututunsa tun farko. Baki biyu kuma yana ba da damar matsi iri biyu: na farko a sake domin faifan da ke kusa, na biyu a matse domin wanda ya yi nisa. Mai baki ɗaya matsi ɗaya gare ta. Bugu da ƙari, a layin tiraf tana watsa kwanso mai zafi wajen maharbin da ke dama, sai an sa mata abin tarewa. Idan an karya mai baki biyu kowa na ganin babu haɗari tun daga nesa, ita kuwa sai an bar sakata a buɗe an sa mata alama.

Wanda ya zaɓi mai ɗura kanta, masana sukan ba shi shawara ya gwada harsashin da zai yi gasa da shi sosai kafin ranar, ya wanke kafofi da fistin bayan kowane yinin harbi, ya rage mai, ya kuma canja zoben roba da sifirin tun ba su gaza ba.

Matsayinta a dokar Najeriya

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu, na mallakar kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, da na toka masu ɗuri ta baki. Bindigar farauta tana cikin kashi na biyu, amma dokar ta cire mai ɗura kanta da duk mai na'urar sake ɗuri daga wannan kashi. Saboda haka lasisin bindiga mai baki ɗaya ko biyu ta gargajiya bai halatta wa mutum riƙe mai ɗura kanta ba, ko da wasa kawai ya nufa da ita.