Ma'aunin Gidan Adana Kayan Silima: Darasi daga Faris da Holiwud

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da ya kamata mai nazari ya riƙe a matsayin ma'auni idan ya shiga gidan adana kayan silima. Ra'ayinmu shi ne, tsadar kayan da sunan mai su ba su isa ba, sai an jera su yadda za su ba da tarihi. Za mu kafa hujja da al'amura biyu, ɗaya a Faransa, ɗaya a Amurka.

2.0 Gidan Langlois

A shekarar 1936 Henri Langlois da Georges Franju suka kafa Cinémathèque Française a Faris domin ceto tsofaffin finafinai. Langlois ya haɗa da tara na'urorin ɗaukar hoto da tufafin 'yan wasa da zane-zanen dandali. A watan Fabrairu na 1968 Ministan Al'adu, André Malraux, ya tuɓe shi bisa zargin rashin tsari, amma masu shirya fim irin su Truffaut da Godard suka yi bore, aka mayar da shi a watan Afrilu.

A 1972 ya buɗe gidan tarihin silima a fadar Chaillot. Mai ziyara kan fara daga fitilun majigi na kafin silima, ya bi ta kan Lumière da Méliès, har ya iske kansa a karkatattun lungunan fim ɗin Jamus na Caligari (1920). Waɗannan lungunan ba na asali ba ne. Hermann Warm, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara na farko, shi ya sake gina su. Duk da haka, wanda ya ratsa su ya fahimci salon silimar Jamus ta wancan zamani. Aibin gidan kuwa shi ne ƙarancin rubutun bayani, har baƙo kan kasa rarrabe na asali da kwafi.

Langlois ya rasu a 1977. A watan Yuli na 1997 gobara ta kama rufin fadar, ruwan kashe wuta ya malale gidan, aka rufe shi. A shekarar ce kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta yanke cewa jerin kansa aikin fasaha ne da doka ta kare. Akasarin kayan sun tsira, amma jerin bai dawo ba.

3.0 Gwanjon MGM

A 1970 aka yi gwanjon kayan kamfanin MGM, aka sayar da jajayen takalman fim ɗin The Wizard of Oz a kan dala 15,000. 'Yar wasa Debbie Reynolds ta sayi tufafi masu yawa da nufin kafa gidan tarihi, ta yi shekaru tana fafutika, ba ta sami dawwamammen mazauni ba. A 2011 ta sa su a gwanjo, farar rigar Marilyn Monroe kaɗai ta kai dala miliyan 4.6. Kayan na asali ne ba shakka, sai dai sun watsu a hannun masu kuɗi, mai nazari ba ya da inda zai same su a haɗe.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin mai ziyara ya yi tambaya uku. Shin an bayyana asalin kowane abu, an faɗi gaskiya idan kwafi ne? Shin jerin yana kai mutum daga wani zamani zuwa wani? Shin akwai hukumar da za ta riƙe tarin bayan ran mai shi? Langlois ya yi fice a ta biyu, ya yi rauni a ta farko. Tarin Reynolds kuwa ta uku ce ta kayar da shi. Gidan da ya kasa amsa ta biyu, ko da ya cika sauran, rumbun ajiya ne kawai.