Kafin Aikin Jarida Ya Shiga Aji: Daga Wurno Zuwa Raba

Ɗalibin aikin jarida a Najeriya yakan fara haddace tarihin sana'arsa daga Abeokuta, inda Henry Townsend ya buga Iwe Irohin a 1859. In dai maganar ɗab'i ake yi, ba gardama. Amma isar da saƙo ga jama'a da koyar da masu isar da shi sun riga injin bugu zuwa ƙasar Sakkwato, kuma Wurno na cikin wuraren da za a fara dubawa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Daular da ya riƙe ta miƙe har Adamawa, kuma da wasiƙa ake tafiyar da ita. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ke kula da rubuce-rubucen da ke kaiwa da komowa tsakanin fada da sarakunan gabas. A 1824 Bello ya ba Bature matafiyi Clapperton wasiƙa ya kai wa Sarkin Ingila. Sai dai duk wannan hulɗar manya ce, da Larabci.

Wadda ta sauko da saƙo ƙasa ita ce matar Giɗaɗo, Nana Asma'u 'yar Shehu. Ta zaɓi mata dattijai daga ƙauyuka, ta naɗa su jajoji, ta ɗora musu malfa da jan rawani don kowa ya shaida su. Jaji za ta jagoranci ayarin mata su zo wurinta, su haddace waƙoƙin da ta tsara da Hausa ko Fulatanci, su koma gida su karantar da waɗanda aure da reno suka hana fita. Su ne 'Yan Taru. A lura da hikimar: an zaɓi harshen da mai sauraro ke ji, an zuba saƙon cikin waƙa don kada ya sauya a hanya, an kuma ba shi ga bakin da ake yarda da shi. Malamin da ke koyar da sadarwar raya karkara a yau da wuya ya sami misalin da ya fi wannan, ga shi kuwa a ƙofar gida.

Bayan kusan ƙarni ɗaya sai jikan gidan ya taso a Raba. Ahmadu Bello ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka ba shi hakimcin Raba a 1934. Bayan 'yan shekaru aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, editanta Abubakar Imam, shi ma malamin makaranta ne ɗan Kwalejin Katsina. Ba wanda ya zaunar da Imam a ajin jarida. A bakin aiki ya koya, tare da Bature Rupert East. Haka aka yi da masu rubuta jaridun larduna na zamanin hukumar adabi ta NORLA, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina: malamai ne da akawuna aka miƙa musu alƙalami.

Da Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya ya ga Arewa na shan suka a jaridun Ikko ba ta da bakin ramawa. Gwamnatinsa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, New Nigerian kuma ta fito ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kafin a kashe shi. Ɗakin labarai ya samu, aji bai samu ba. Nsukka ta fara koyar da aikin jarida tun 1961, Legas ta biyo a 1966, Arewa kuwa sai ƙarshen shekarun 1970 Jami'ar Bayero ta buɗe sashenta.

Yanzu sassan sun yawaita, har a 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta raba fannin gida bakwai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin karatun da Turanci ake yi, alhali manomin albasa a bakin madatsar Goronyo da Hausa yake jin labarin farashin taki, da ranar sakin ruwa, da hanyar da 'yan bindiga suka tare. Ɗalibin da ya gama ya sami aiki a Rima Radio sai ya sake zama ɗan koyo a gaban tsofaffin masu fassara, waɗanda wasunsu ba su taɓa shiga jami'a ba.